Yadda Na Yi Ƙibar Amarya

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa da bikin Yaya Hafsatu ba. Wautata ɗaya ce: an miƙo mini ƙwarya, na karɓa ban yi tunanin inda abin zai sauka ba.

Yayata siririya ce kamar karan gero. Da aka sa ranar aurenta da wani malami a Shagari, sai Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta taso takanas daga Dingyadi zuwa gidanmu a Bodinga don ta gyara ta. A wajen Gwaggo, macen da ba ta da jiki ba ta da abin riƙe miji. Kullum gumba da madara, kunun gyaɗa da zuma, ga kaza tana iyo cikin man shanu.

Ita kuwa Yaya ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce ƙiba in ta yi yawa tana dagula wa mace al'ada, ta rage mata sha'awa da kuzari, wani lokaci har haihuwa ta yi wuya. Gwaggo ta ce, "Boko ta lalata ki. Sha!"

Sai Yaya ta riƙa miƙo mini ƙwaryar ta taga, ni ƙanenta. "Shanye, kada Gwaggo ta sani, in ba haka ba mu duka mun mutu." Jama'a, daɗi! (Ko ranar sallah ban taɓa ganin gata irin wannan ba.) Kumatuna suka fara sheƙi, wuyana ya ɓace.

Ranar kai amarya na cusa kaina cikin ankon da aka ɗinka mini tun da daɗewa, ina numfashi rabi-rabi. A Shagari, tsakar gida cike da mata, Gwaggo tana ba dangin ango haƙuri: "Wallahi na yi iya yina, jikinta ne bai karɓa ba." Daidai nan na duƙa in sauke akwati. Ɓarrr! Wando ya rabe gida biyu.

Gwaggo ta dube ni, ta matso, ta ja kumatuna.

"La'ilaha! Ga inda kajina sunka tahi!"

Kakar ango ta rangaɗa guɗa a kaina. "Wagga muka so! Ku maida waccan Bodinga!"

Da zanen wata tsohuwa na dawo gida.

Darasi: abincin sata ba ya ɓuya, a kumatu yake kwana. Yaya dai tana ɗakinta lafiya, siririya, har ta haihu. Ni kuwa a filin ƙwallo ba wanda ke kirana sai da Amarya.