Furar da ta Cinye Irin Baba

Ba zan taɓa mantawa da furar farko da na dama wa surukina ba, duk da cewa na so ƙwarai in manta.

Ni tashin birnin Katsina ce, amma Allah Ya jarabce ni da son kayan hannu. Falona a Kankia cike yake da faya-fayai da ƙorai da ludaya (wasu ma ban san amfaninsu ba, kyau kawai suka yi mini). To, da maigidana ya kai ni ƙauyensu wajen Yashe in kwana biyu, ana dab da faɗuwar damina, sai na ƙudura zan nuna wa surukaina ba 'yar boko mai son jiki aka kawo musu ba.

Da safe maza suka tafi sharar gona. Inna, mahaifiyar maigidana, za ta barka, ta ce mini, "Ga hatsi nan cikin buhu, ki aika a kai inji." Inji? Ni da na zo neman suna? Ga turmi, ga taɓarya ta sha hannu har tana sheƙi.

Ina shiga madafa na ɗaga kai, sai na hango wani ɗan dami a rataye, an naɗe shi da tsohuwar tabarmar kaba an ɗaure tamau. Na taka kujera na sauko da shi. Zangarkun gero ne dogaye, cikakku, ban taɓa ganin kamarsu ba. Na ce lallai wannan na manya aka ajiye, kuma wa ya fi Baba, surukina, girma a gidan? (Ku ji hankali.)

Na sussuke shi tas, na sheƙe, na surfa, na daka, na dafa, na kirɓa. Tafin hannuna duk ya yi bororo, amma murmushi nake ni kaɗai. Da azahar na dama da nono a sabuwar ƙwarya, na rufe da faifai, na kai wa Baba gindin bishiyar tsakar gida, na durƙusa.

Ya sha ludayi ɗaya, ya ƙara. "Ɗiyata, wagga hura ta yi garɗi. Ina kika samo hatsin?"

Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali zuciyata rawa take. "Wanda ke rataye a madafa ne, Baba."

Ludayin ya tsaya tsakanin ƙwarya da bakinsa. Daidai nan Inna ta shigo, ta ga tabarmar nan a yashe. Salati kawai ta yi, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Duka?" in ji Baba.

"Duka, Baba."

Maigidana ne ya yi mini bayani, murya ƙasa-ƙasa. Iri ne. Geron da Baba ya gada daga mahaifinsa, mai jure ƙarancin ruwa. Kowace kaka da kansa yake bin gona yana zaɓar zangarkun da suka fi kyau, a rataye su inda hayaƙi zai kori ƙwari. Ba a samunsa a kasuwa. Shi ake jira a shuka da ruwan farko, ga shi har hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Tunda nake ban taɓa firgita da aikin hannuna irin na ranar ba.

Inna ce ta fara dawowa hayyacinta. "Ina kika yi shiƙa?" Na nuna bayan rumbu. Muka ruga, muka tarar kaji sun riga mu. Haka na durƙusa, da lallena da atamfar amarci, ina kokawa da kaza a kan ƙwayar gero. Abin da muka tsinto bai cika tafin hannu ba.

Muka dawo, Baba na nan inda muka bar shi. Ya turo mini ƙwaryar. "Ɗauki ki tahi ki sha, ɗiyata. Gonar bana ce, kada ta lalace a banza."

Na sha a ɗaki, hawaye na ɗiga ciki. (Kuma wallahi ta yi daɗi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.)

A shekarar, geron kasuwa aka shuka. Ɗan abin da muka tsinto kuwa Baba ya shuka shi a bayan gida, ya kewaye da ƙaya, aka yi ta lallaɓa shi damina bayan damina kafin irin ya koma gona. Har yau "geron amarya" suke ce masa.

Son kayan hannu dai bai bar ni ba. Amma duk abin da na gani a rataye a gidan manomi, hannuwana a baya nake kallonsa. In kuwa Inna ta ce inji, da kaina nake ɗaukar kwanon.