Kunnuwan Gidanmu a Gaban Alƙali

Ko haƙorana za su zube duka don tsufa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai kunnuwan gidanmu gaban alƙali a Kafanchan ba. Har yau idan na zo wucewa ta ƙofar kotun nan sai na ƙara sauri.

Ƙanena Bitrus ne ya haifi ɗa da wata yarinyar garin Manchok mai suna Rifkatu, ba su yi aure ba. Ba don bai nema ba. Babanta, Baba Ayuba, shi ya rantse ba zai ba ɗan acaɓa 'yarsa ba. A wajenmu kuwa kowa ya san al'ada: yaron da aka haifa ba a kai sadaki ba, na gidan kakansa ne na wajen uwa. Baba Ayuba ya riƙe wannan da hannu biyu. Ya sa wa yaro suna Dauda, ya hana mu taka ƙofar gidansa, daga baya ma ya koma cewa wa ya san ko ɗan na Bitrus ne. Da lokacin makaranta ya matso, muka ji za a yi wa yaro takardar haihuwa da sunan kakan. Sai Bitrus ya kai ƙara, yana roƙon kotu ta tabbatar shi ne uban.

"Yaya, ba rigima nake nema ba," ya ce mini. "Ina so dai in malam ya kira sunansa a aji, ya ji nawa a baya." Maganar nan ta taɓa ni ƙwarai, nan take na ce ni ce shaida.

To, ni malamar firamare ce, kuma shugabar zumuntar mata a cocinmu, ban saba a yi magana ba tawa a sama ba. Kuma ina da hujjar da na tabbata ba mai ja da ita: kunne. Duk wanda ya fito gidanmu, kunnuwansa a tsaye suke kamar hannun kofi. Kakanmu haka, babanmu haka, Bitrus haka. (Ni ma haka, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganina ba ɗankwali, har maigidana sai da aka ɗaura aure.) Matsala ɗaya ce: rabona da Dauda tun yana jariri.

Ranar shari'a, muna isa na hangi maman Rifkatu zaune a benci a waje, ta lulluɓe bayanta da zane. A gefenta ga wani yaro yana cin gyaɗa, kunnuwa ga su nan tubarkalla. Zuciyata ta narke, har da 'yar ƙwalla. Ban gaya wa kowa ba, na ajiye abina sai lokacinsa. Bitrus ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, don Allah, abin da aka tambaye ki kawai." Na ce masa kada ya koya mini magana.

A ciki, Baba Ayuba ya miƙe ya ce, "Mai shari'a, yaro nawa ne. Kowa zai iya tashi ya ce shi ne baba. Ina shaida?" Rifkatu ta sunkuyar da kai, tsoron babanta ya hana ta buɗe baki. Alƙali ya fara zancen a je asibiti gwajin jini. Sannan aka kira ni.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ba sai an tsikari kowa da allura ba. A ba ni izini."

Ban ma jira izinin ba. Na fita, na lallaɓi yaron da biskit, na shigo da shi na tsayar a kan benci. Sannan, jama'a, na sa hannu na tuɓe ɗankwalina a gaban kotu. Na juya hagu, na juya dama. "A dubi nawa, a dubi na ƙanena, a dubi na yaron nan! Wannan jini ko makaho ya shafa zai gane!" Bitrus yana ta ɗaga mini hannu, ni kuwa na ɗauka jinjina yake, na ƙara murya. Har kakanmu da ke kabari sai da na kira shi shaida.

Ina cikin haka aka banko ƙofa.

"Chinedu! Ina yarona?" Wata mata ce mai shagon atamfa, irin Inyamuran da aka haifa a kwatas ɗin jirgin ƙasa, ta zo tata shari'ar daban. Ta fizge yaron ta harare ni. "Madam, kai wane ne? Wannan kunnen babansa ne, kuma babansa yana shago yanzu haka!"

Kotu ta ɓarke da dariya, har ɗan sandan ƙofa ya dafa bango. Na tsaya kai ba ɗankwali, kunnuwa a waje, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige.

Baba Ayuba ne kaɗai bai yi dariya ba, haushi ya ci shi. "Dubi su! Ko jininsu ba su sani ba!" Ya leƙa waje ya ƙwala wa matarsa kira. Ashe abin da ta lulluɓe da zane Dauda ne, yana barci a goye. Tsoho ya kwance shi da kansa, ya ɗaga shi sama. "Ga kunnen gidanku nan! Kullum ina ganin shi, kullum raina yana ɓaci. Bitrus sak, har tafiya!"

Alƙali ya cire tabarau a hankali ya ce, "Baba, maimaita."

A nan ne Baba Ayuba ya gane abin da bakinsa ya faɗa. Sai Rifkatu ta miƙe ta ce, "Mai shari'a, ɗan Bitrus ne. Ban taɓa sanin wani ba."

Alƙali ya ce kunne ba hujja ba ne a kotunsa (yana faɗa yana kallona), amma uba ya amsa, uwa ta tabbatar, kaka kuma ya shaida da bakinsa. Ya yanke cewa Bitrus ne uban Dauda, sunansa za a sa a takardar haihuwa, zai riƙa ganin ɗansa kuma ya ɗauki nauyinsa, yaro ya ci gaba da zama wurin uwarsa. Aka miƙa wa Bitrus shi. Dauda ya murza ido, ya ƙare masa kallo, ya kai hannu ya kama kunnensa. Ƙanena ya fashe da kuka, ni kuma na rangaɗa guɗa, na manta ɗankwalina har lokacin yana ƙasa.

Yanzu Dauda Bitrus yana makaranta, haka ake kiransa a aji. Baba Ayuba ya fara amsa gaisuwarmu, da ƙyar. Maman Chinedu kuwa, in ta hango ni a kasuwa sai ta jawo ɗanta jikinta ta ce, "Ɓoye kunnenka, ga antinka ya zo!" Ni dai a gida ina gaya musu dabara ce na shirya tun farko, ba wanda ya yarda.

Abin da na koya bai da yawa: kafin ki tuɓe ɗankwali a gaban hukuma, ki tambayi yaro sunansa.