Rasuwar Baƙuwa, Kwamfutar Gidanmu

A gafarce ni. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, kuma na san sanarwa irin wannan aikin manya ne. Sai dai na duba gidan namu, ban ga wanda zai yi ba in ba ni ba.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da ya manta riƙon biro, ni Afra'u ta gidan marigayi Malam Bala a Toranke, nake sanar da rasuwar kwamfutarmu, wadda aka fi sani da Baƙuwa. Ta rasu ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, ita kaɗai a ɗaki.

Marigayiya ta zo mana ne daga Kano a bayan bas, lokacin da yayana Ja'afar ya samu aiki can, ya ga gidan zai rage daga ni sai Inna. Ya kafa mata sola a kan kwano, ya ce, "Ga abokiyar hira nan, tunda ke ba kya magana da mutane." Inna ce ta raɗa mata suna, domin a wurinta duk abin da ya zo daga birni baƙo ne, baƙo kuwa ana girmama shi. Ba ta taɓa shiga ɗakin ba tare da sallama ba.

Shaidar da zan yi mata ita ce haƙuri. Ba ta taɓa tambayata me ya sa ba na zuwa biki ba. Nakan rubuta shafi in goge, in sake rubutawa, ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Maganarta kaɗan ce: "ƙit" idan ta farka, sai "huuu" na fankarta, wanda na saba da shi har shirun gidan ya daina ba ni tsoro.

Aibinta ɗaya, tana da nawa wajen aiki. Kafin ta buɗe shafi, batir ya fara kuka. Shi ya sa na nemi ƙara wa firosesa, wato ƙwaƙwalwarta, sauri. Yaya ya koya mini ta waya: in shiga bayos, inda ake saita ta tun kafin ta gama farkawa, in ɗaga gudun kaɗan, in gwada, in duba zafi. Ƙarfin wuta kuwa, ya ce, "Kamar gishiri a miya, Afra'u. Ana ƙarawa, ba a ragewa." Haka na bi. Abu guda na yi da kaina: na kashe ƙararrawar da ke hana ta aiki idan ta yi zafi, saboda duk sanda ta yi ƙara Inna kan zabura tana salati.

Ranar da abin ya faru na bar ta tana gwaji, na tafi ɗebo ruwa. Inna na sheƙar gyaɗa a tsakar gida. Da ta ga ƙaiƙayi yana shiga ɗaki, sai ta buɗe akwati ta ɗauko zanenta na saƙi, mai kauri, wanda a da ba ta ɗaurawa sai da salla, ta lulluɓe Baƙuwa ruf, har ta cusa gefen a ƙasa kada iska ta shiga. Da na dawo ta tare ni da murna: "'Yar nan, na rufa wa baƙuwarki asiri. Ji yadda ta yi barci, ko motsi."

Da'u mai gyara a Gaya ya shinshina ta, ya ce, "Malama, wannan ai ta dahu. Waye ya toshe mata hanci?" Na ce ni ce.

Ta rasu ta bar allo, da madannai masu harafi biyu da suka goge, da linzamin sarrafa ta, da labarina na farko wanda ban gama ba, yana cikinta. Ta kuma bar Inna, wadda tun ranar take tambaya ko akwai abin da ba a yi wa baƙuwa daidai ba.

Yaya Ja'afar, saboda kai na rubuta wannan, don Inna ba ta karanta boko. Na san za ka zo da tambaya, kuma na san muryarka idan ranka ya ɓaci. Yanzu ka ji gaskiya. Amma a gaban Inna, wuta ce na ƙara fiye da kima, shi ke nan. Ka yi mini faɗa da ƙarfi yadda za ta ji daga madafa. Zan iya ɗauka. Ita tun rasuwar Baba ba ta sake fito da zanen nan ba sai ranar.

Za a ɗauki marigayiya ranar kasuwar Ajingi, a motar farko mai zuwa Kano, a kai maka ita. Inna ta ce a naɗe ta a zanen, kada ta ji sanyi a hanya, ban kuwa hana ba. Babu zaman makoki. Takardar nan tana ƙarƙashin murfin Baƙuwa, inda kai kaɗai za ka buɗe. Ni ba zan tsaya a tasha ba. Da zarar yaran mota sun fara ɗaure kaya, zan bi ta bayan rumfar masu gyaɗa in koma gida, Inna ita kaɗai ce.