Tawadar Allo a Hanyar Ƙwanni

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta da daminar da na tsiyata kawuna da kyan rubutu.

Lokacin Nasara ba su daɗe da raba mu da Ƙwanni ba. Sojan Faransi suka kafa doka a bakin iyaka: duk mangalar da ba sunan mai ita da garinsa, kayan sata ne, a ƙwace har da jakin. Sai kasuwata ta buɗe, don ni ne mai rubutun Illela. Alƙalamin kara ya yi siriri a kan buhu, sai na tauna bakin asuwaki har ya baje, na riƙa jan baƙaƙe masu kauri, masu kwanciya, wutsiyarsu na shara. Daga nesa ake gane su. (Ni ma daga nesa ake gane ni, don kaina ya kumbura.)

Kawu Ummaru, ƙanin mahaifiyata, ya haɗa duk abin da ya mallaka, jakai shida da tufafi, zai kai Ƙwanni. Wani tsohon marini ya gan ni ina dama gawayi da ƙaro, ya ce, "Malam, tawadar allo ta wagga. Taho in ba ka baban rini, shi ruwa ba ya ɗauke shi."

Na ce masa shuɗi ba ya ƙyalli. Wallahi abin da na ce ke nan.

Har rakiya na yi, ba don zumunci ba, don in ji abin da sojan zai ce in ya ga hannuna. Mun fita gari kaɗan hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Ina tafe a bayan jakin ƙarshe, ina kallon sunan Kawu yana gangarowa ta cikinsa, baƙi ƙirin. Ni da nake wanke allo da hannuna tun ina ɗan shekara biyar, sai ranar na tuna don me ake yin tawadar nan.

Sojan ya zaga mangalolin ɗaya ɗaya, ya tambayi ina sunan. Na matso ina nuna masa dabbare-dabbaren da yatsa, wai nan alif yake, nan kuma mim. Fataken da ke jira suka fashe da dariya. Aka kora jakan shida ciki.

Kawu bai zage ni ba, da ya zaga da na fi samun sauƙi. Sai da muka kusa gida ya ce, "Sauran tawadar na nan?"

"Tana nan, Kawu."

"To rubuta mini wani abu ka wanke in sha, ko zuciyata ta lafa. Tunda shi ka iya."

Bai sake fatauci ba. Jakan wasu ya riƙa korawa har ya rasu.

Har yau ina rubuta wa mutane buhu, kuma har yau ana yabon hannuna. Amma kafin kowa ya buɗe baki, sai na tofa wa rubutun miyau na murza da yatsa tukuna.