Ido Ɗaya Ta Cika Da Hoton Baba Umara A Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata fargaba da za a bayyana a ƙasa, ana sanar da jama'ar Tsanyawa da ƙauyukan kewaye rasuwar kyamarar Malam Kamaruddeen mai hoto, wadda aka fi sani da Ido Ɗaya. Ta cika wata Talata, sati biyar da suka wuce, bayan la'asar, a ƙofar gidan Baba Umara, tana da shekara goma sha huɗu a hannun mai ita, ban da waɗanda ta yi a Kano kafin ta zo. Kamaruddeen ya so ya rubuta sanarwar da kansa, hannu ya ƙi, shi ya sa maƙwabta suka karɓi biron.

Marigayiyar ta yi rayuwa mai amfani. Ba ta taɓa zaɓen fuska ba. Ta ɗauki 'yan saukar karatu, ta ɗauki jarirai ranar suna, ta ɗauki Dabo da shanun huɗarsa, kuma har yau ana cewa shanun sun fi shi fitowa. Ba ta da surutu. Kalmominta biyu ne a duniya, ƙyas da ƙyat: na farko ta buɗe ido, na biyu hoto ya zauna. Da ta faɗi na biyun sai Kamaruddeen ya ce, "Ya yi!" Shekara goma sha huɗu yana faɗin haka, har bakinsa ya riga kunnensa.

Ita ta koya masa sana'a, shi kuma ya addabi gari da karatunta. Wai ka bar rana a bayanka, kada ka sa mutum ya fuskance ta har ya runtse ido. Wai ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka riƙe numfashi, sannan ka danna. Wai ka dubi bayan mutum kafin ka dubi fuskarsa, don kada darbejiya ta tsiro masa a tsakiyar hula. In zaune yake, ka durƙusa ku haɗa ido. In ya sandare kamar soja, yadda mutanenmu ke yi da sun ga kyamara, ka tambaye shi ya gona, ka danna yana amsawa. Amma babban karatun, wanda ko a makabarta zai iya ja maka shi, shi ne: ba a hoto rana na tsakar ka. Hasken azahar yana tona rami a ido. A jira la'asar.

To, ga yadda ciwon ajali ya zo. Baba Umara, dattijon nan da iyayensa suka zo daga Borno, ya shekara tamanin da 'yan kai bai taɓa tsayawa gaban kyamara don son ransa ba. Hotonsa na katin zaɓe ma ya goge, ba ka gane ko waye. 'Yarsa Falmata ta yi shekara ashirin tana roƙonsa, saboda jikokinsa na Maiduguri da ba su san fuskarsa ba. Ran nan da azahar, haka kawai, ya sa babbar rigarsa ya aika a kira mai hoto. Ya ce, "Kamaru, zo ka ɗauke ni in huta da yarinyar nan."

Kamaruddeen ya ɗaga kai ya dubi rana. Wallahi da ya san abin da ke tafe da bai ɗaga ba. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri zuwa la'asar, yanzu hasken bai yi ba." Dattijo ya zauna a kan buzunsa cikin babbar riga, yana jan carbi, awa uku. La'asar ta zo, amma ba ita kaɗai ta zo ba, da hadari ta taho daga gabas. Yayyafi ya sauko, Ido Ɗaya ta jiƙe. Kamaruddeen ya durƙusa, ya riƙe numfashi, ya danna. Ta ce ƙyas. Ba ta ƙara cewa komai ba, fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Shi kuwa bakin nan nasa ya ce, "Ya yi, Baba!"

Baba Umara ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka ba Falmata, kada ta sake damuna." Ya shiga gida ya tuɓe rigar. Bayan kwana tara Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama.

An kai marigayiyar wurin Mika'ilu mai gyara, ya juya ta, ya busa, ya girgiza kai. Katin da hotuna ke sauka a kai ya maƙale a cikinta, ya ƙi fitowa. In aka ja da ƙarfi zai iya karyewa. In aka bari, ba mai sanin ko Baba Umara yana ciki ko ba ya ciki.

Ta rasu ta bar batir biyu, ɗaya ya kumbura tun bara, da caja, da ƙafa uku da ake ɗora ta a kai, ɗayar ɗaure da robar taya, da labulen baya mai zanen jirgin sama da bene, wanda rabin garin nan suka tsaya gabansa. Akwai dangi na nesa, wayoyin hannu, masu ɗaukar hoto ko da wane lokaci ba kunya, ba su zo gaisuwa ba. Ta kuma bar Kamaruddeen, kuma shi ne abin tausayin.

Hanya ɗaya ce daga gidansa zuwa titi, ta ƙofar gidan Baba Umara ta bi, gero dama gero hagu. Sati biyar ke nan yana ratsa gonakin mutane, ya tattake gyaɗar Sama'ilu har sau biyu. Ya daina zama a kasuwa. Ya sauya masallaci. Da Falmata za ta zage shi da ya samu sauƙi, amma ina! Ran da suka yi kiciɓis a bakin rijiya cewa ta yi, "Malam Kamaru, ba gaggawa. Duk ran da aka wanke, a yi mini uku, ɗaya babba." Ya ce, "To, Yaya Falmata." Ya koma gida bai ci tuwo ba. Ya kasa faɗa mata, ya kasa barin a buɗe kyamarar, ya kasa barin gari. Tsoro yake ji, kuma kunya ta fi tsoron yawa.

Don haka, Yaya Falmata, da izininsa, ta wannan takarda kike jin gaskiya: Ido Ɗaya ba ta ce ƙyat ba. Wataƙila hoton Baba yana ciki, wataƙila babu. Kamaruddeen yana neman gafararki.

Za a yi jana'iza ranar kasuwa mai zuwa, a rumfar Mika'ilu, inda za a kwance ta a zaro katin a gaban shaidu. Ba wanka, don ruwan ne ya kashe ta. Za a naɗe ta a labulen mai jirgi, a sa ta ƙasan akwati. Ba a buƙatar goro ko tabarma. An ajiye wa Falmata benci a gaba, kusa da Kamaruddeen, in ta yarda ta zauna kusa da shi.

Mika'ilu ya so a bari sai yamma, in kasuwa ta lafa. Kamaruddeen ya ce a'a. Da azahar za a buɗe, rana na tsakar ka. Ya daina jiran la'asar.