Rasuwar Kaka, Kwamfutar Kyaftin Bartholomew

Da zuciyar da baƙin ciki ya daskarar, tare da sallamawa ga ikon Allah, ni Bartholomew, tsohon matuƙin jirgi mai saukar ungulu, mazaunin Tungan Maje a gefen Abuja, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda mutanen gida ke kira Kaka. Ta cika a daren Talata, a kan teburinta, hannuna na kan sandar tuƙinta.

Marigayiya ta shigo gidanmu a shekarar da aka karɓe lasisina. Kafin nan ina ɗauko marasa lafiya ne da dare zuwa asibitocin Abuja. Da na je gwajin shekara, likita ya haska idona, sannan ya ce dundumi ne, kuma ba irin wanda ake warkewa ba. Na dawo gida na zauna. Ban yi kuka ba, ban yi faɗa da kowa ba, abinci ma idan an ajiye ina ci. Matata Perpetual ce ta gaji da ganina ina kallon bango, ta je unguwar Durumi wurin Al-Amin mai gyaran kwamfuta. Ya haɗo Kaka daga kayan gwanjo, ya sa mata manhajar koyon tuƙin jirgi, da sandar tuƙi, da abin takawa na ƙafa.

Kaka mai haƙuri ce. Ba ta taɓa tambayata takardar likita ba. Idan gari ya yi shiru sai in kunna ta, fankarta ta yi gyaran murya, sannan farfelar jirgi ta fara: fat, fat, fat. Mu tashi daga filin jirgi, mu bi fitilun babban titi har ƙofar birni, mu ratsa tsakanin hasumiyoyin Masallacin Ƙasa da ƙololuwar babbar majami'a, mu leƙa gidajen Maitama masu ruwan wanka a tsakar gida. Har kusa da Dutsen Aso ta kai ni, inda a da ko kallon wajen ba na yi da jirgin gaske. Abujarta ba ta cika daidai ba. Babu Durumi a cikinta, fili ne kawai baƙi, kuma ba a taɓa ɗauke wuta ba. Na yafe mata wannan tun tana raye.

Rashin lafiyarta ya fara ne da zazzaɓi. Takan yi zafi har Perpetual ta juyo mata da fankar ɗaki. Daga baya ta soma suma a tsakiyar tafiya. Al-Amin ya zo ya buɗe cikinta, ya hure ƙura, ya ce tsufa ne, a riƙa barinta tana hutawa. Ban bar ta ba. A lokacin ni ma ina ƙara matso da kujera kusa da allonta, fitilun gari suna haɗewa da juna a idona, ina ganin hutu ba namu ba ne.

A daren ƙarshe muna saman tafkin Jabi, na juya zan koma gida, sai farfela ta maƙale a kan sauti ɗaya. Ta yi ƙara siririya, tiii, allon ya yi baƙi, ƙaurin waya ya tashi. Na ci gaba da riƙe sandar ina saita jirgin, don ba a sakin tuƙi a sama. A haka Perpetual ta same ni da asuba. Ta zare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta kawo mini shayi.

Al-Amin ya tabbatar da rasuwar washegari. 'Yata Glory ta bugo waya ta ce za ta sayo sabuwa ƙarshen wata. Na ce ta bari. Da ta matsa, na gaya mata abin da ban gaya wa uwarta ba tukuna: tun watan jiya ba na ganin hasumiyoyin, da haddar hanya nake tuƙi.

Marigayiya ta bar sandar tuƙi guda, wadda robarta ta cinye daidai babban yatsana, da lasifika biyu, ɗaya kurma, da kujera mai karyayyen hannu, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Baban bola, mai kwasar tsofaffin ƙarafa, zai zo da kurarsa ta turawa, kuma iyali sun roƙe shi kada ya fasa ta a ƙofar gida, ya bari sai ya sha kwana. Ba a buƙatar kujeru ko rumfa. Masu zuwa gaisuwa su daure su iso kafin magariba, kuma duk wanda ya shigo, don Allah ya faɗi sunansa.