Ranar da Na Tare Jirgin Sule

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa, da ranar da ƙanena Sule ya fara tuƙa jirgin sama shi kaɗai. Shekarar da aka ce baƙi su bar Gana ce. Rabin maƙwabtanmu a unguwar Asawase ta Kumasi sun koma Nijar, layinmu ya yi tsit, ni kuwa ina sayar da koko da ƙosai ina neman abin da zai sa in yi guɗa.

Sule makanike ne. Wani tsohon sojan sama, Ba'asante, da muke kira Kyaftin Kwaku, ya ga hannunsa a kan inji ya ɗauke shi yana koya masa tuƙi a wani ɗan jirgi mai kujera biyu. Wata tara suna tashi tare. Sai ran nan Sule ya ce mini gobe zai tashi ba malami. In ya sauka lafiya zai ci gaba, in ya yi kuskure shi ke nan. Ya roƙe ni kada in zo. Na ce to. (Ai yayarsa ce ni, "to" ɗina ba alkawari ba ne.)

A Kumasi in mutum ya ci jarrabawa, farar hoda ake zuba masa a ka. Na sayi gwangwani babba, na ɗaura sabon zane, na hau turoturo, motar haya, da hantsi. Mai gadin filin jirgi ya hana ni ƙofa, sai na zagaya ta inda wayar shinge ta ɓalle, inda mata ke ratsawa zuwa gonar rogo. Na tsuguna cikin ciyawa a bakin kwaltar da jirgi ke sauka.

Na ga ya tashi. Na ga ya kewaya ta saman unguwar Oforikrom, ya zama kamar ƙuda, ina ta salati. Sai ya juyo, yana sauka, yana sauka, har taya ta taɓa ƙasa.

To, ni a sanina, abin da ya taɓa ƙasa ya iso. Ban yi boko ba, babu wanda ya gaya mini cewa nan ne aikin yake. Na miƙe na hau tsakiyar kwalta, na ɗaga mayafina ina kaɗawa, yadda nake tsai da lori a bakin kasuwa. Lori kan tsaya mini. Wannan bai rage komai ba.

Da na ga farfela tana nufo ni, sai na kife a ƙasa, gwangwanin ya fashe a ƙirjina. Sule ya taka birki ɓari guda da ƙarfi don ya kauce mini, jirgin ya ƙwace masa, ya yi hagu, ya yi dama, ya juya kamar kazar da aka yanka, ya faɗa ciyawa ya kafa hanci a laka.

Injin ya mutu. Na ɗauka na kashe ɗan uwana.

Can sai ƙofa ta buɗe, ya fito da ƙafarsa, jini kaɗan a goshi. Kyaftin da masu kashe gobara suka iso a guje, suka same ni fara fat tun daga ɗankwali har tafin ƙafa, ina atishawa. Ɗaya daga cikinsu ya ja da baya yana kiran Yesu. Kyaftin ya tambaya ko akwai wanda ya san mahaukaciyar nan.

"Yayata ce," in ji Sule.

Aka kai ni ofis, hodar tana zuba a kan bencinsu. Na durƙusa na ce a ɗaure ni, a bar yaron, shi ya hana ni zuwa. Kyaftin ya saurara har na gama, sannan ya ce da Hausarsa ta zango: "Maame, jirgi bai sauka ba sai ya tsaya. Da Sule bai kauce ba, yau da ke muna kwashe a buhu." Ya ce shi ma Sule da nasa laifin, ya danna birki da firgita, amma ya zaɓi laka a kan mutum, don haka ba zai kore shi ba. Zai koma baya, su yi ta sauka tare har ƙafarsa ta natsu. Ni kuma na dangwala yatsa a takarda cewa ba zan sake taka filin ba.

Wata biyu Sule yana gyaran farfelar da hannunsa, yana gaishe ni da "ina kwana" kawai. Ranar da ya sake tashi shi kaɗai ban sani ba. Sai da yamma ya shigo gida, ya zauna a bakin murhuna, ya ce in akwai sauran ƙosai a ba shi, ya sauka.

Tun daga nan na koyi murna a zaune. Ko jikana ne ya dawo a kan keke, sai ya jingine shi da bango nake ce masa sannu da zuwa.